Bugu Huɗu na Shiru

SHAFI NA 23

Masu cika min akwatin saƙo cewa na rataye ku tun ranar Lahadi, na ji, kuma kun fi ni gaskiya. Shafin nan ne ya ƙi rubutuwa, sau uku ina gogewa. Ku nemi wuri ku zauna, yau ba ranar dariya ba ce.

*

Jiniyar ƙarfe biyu ta gama kukanta a Bompai, masu aikin safe suna fitowa daga masaƙa da auduga a gira, masu aikin rana suna kutsawa ciki. Istifanus bai bi 'yan kekuna zuwa bakin get ba. Ya wanke baƙin man inji daga hannunsa, ya rungumi akwatin saksafon ɗinsa, ya zagaya bayan ɗakin cin abincin ma'aikata, inda aka ara musu sito na kwana uku su yi gwaji.

Gobe Alhamis, ƙarfe goma na safe, za a ɗauki kiɗansu a gidan rediyo, daga nan a buga faifai. Shekara bakwai yana busa a bukukuwa da wuraren shaƙatawa na Sabon Gari yana jiran irin wannan rana. Ga shi kuma tun farkon wata aka liƙa takardar rage ma'aikata a jikin allo, sunansa ne na goma sha ɗaya. In faifan nan bai fito ba, ƙarshen wata sai dai ya ɗaure kayansa ya koma Pankshin ya ɗauki fartanya. Ya sani, matarsa Esta ma ta sani, shi ya sa kwanan nan hira ta yi ƙaranci a gidansu.

Mutum ɗaya ne ya buɗe musu wannan ƙofa: Alhaji Labaran, mawaƙin da sunansa yake kan waƙoƙin tsohon wasan dandamalin nan, "Ƙofar Masaƙa". Tunda ya ji yadda Istifanus ya juya waƙar wasan mafi shahara, "Tuwon Rana", ya mai da ita kiɗan jaz, ya yi ruwa ya yi tsaki har aka ba su lokaci a rediyo. Yau ma ya ce zai leƙo ya ji gwajin ƙarshe.

Luka mai ganga kaɗai ya tarar a siton, zaune tsakanin buhunan masara. Sauran makaɗan uku sai sun tashi daga aiki a Sharada ƙarfe huɗu. Shi Luka a majemar Challawa yake aiki, kuma duk sabulun duniya bai raba shi da warin fata ba, kamar yadda babu abin da ya raba shi da gardama.

"Ka makara, shugaba."

"Inji na shida ne ya ci bel ɗin da ke juya shi."

"Ya ci abinsa. Ƙarshen wata su nemi mai gyara musu."

Istifanus ya shiga haɗa bakin saksafon.

"Ni fa har yanzu ina kan bakana," in ji Luka. "Alhajin nan naka ba mawaƙi ba ne, ɗan kasuwa ne. Waƙa arba'in da biyu gare shi. Ta biki, ta tallan sabulu, ta yabon direbobi. In ka ji ɗaya ka ji duka."

"Kai da ko baiti ɗaya ba ka taɓa tsarawa ba."

"Ba sai na iya miya ba kafin in san gishiri ya yi yawa."

"Je ka bakin get ka kasa kunne. Mai ƙosai waƙarsa take yi. Manaja a mota waƙarsa yake bi da fito. Kana jin wasa ne mutum ya tsara abin da zai shiga bakin kowa ya zauna shekara da shekaru? Mu da muke murɗa sauti muna jin kanmu, in babu irinsu me za mu murɗa? Sai da gini ake ado, Luka."

"Na yarda. Amsa min ɗaya kawai."

"Ina ji."

"Wanda ya yi arba'in da ɗaya na rawa da sabulu, ina ya samo 'Tuwon Rana'? Waƙar nan ƙwan zabo ce aka sa wa kaza."

"Ɗauki sandunanka, ka rufe min baki."

Wanda ya san waƙar a tsohon faifai ya san ba ta da hayaniya. Muryar mace ce ɗaya da garaya, a hankali:

Na ɗora tukunya na jira ka,
Jiniya ta yi kuka ba lokacinta ba,
Na leƙa zaure in kira ka...

A nan komai yake tsayawa. Ba murya, ba garaya, har bugu huɗu. Sannan ta ƙarasa:

Tuwon rana ya huce.

To, mai busa jaz in ya ga fili irin wannan a tsakiyar waƙa, gani yake kyauta aka ba shi. Wata uku Istifanus ya yi yana gina abin da zai zuba a cikin bugu huɗun nan, busa ce mai hawa da sauri, ta yi kamar ƙyalƙyala dariya a sama, ta sulalo ta faɗa kan baitin ƙarshe daidai. Da ita yake taƙama, kuma ba laifi, ta yi kyau.

Luka ya fara buga ganga, suka ɗauka. Sun kai wurin, Istifanus ya rufe ido ya haye. Bai kai ga saukowa ba ya ji ganga ta mutu.

Ya buɗe ido. Inna Hajjo ce tsaye a ƙofar sito, muciya a hannunta, tuwo bai ko bushe a jikinta ba. Ita ce shugabar masu girki a ɗakin cin abincin, shekara goma sha biyar ke nan, kuma duk masaƙar babu wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Ita ce mai ajiye wa Istifanus ƙanzo in ya makara a gindin inji.

"Sannu, Inna. Mun dame ku da ƙara?"

"Wa ya ce ka cika wurin nan?"

"Wane wuri, Inna?"

"Wurin da ake shiru. Wa ya ba ka?"

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda zai yi wa babba bayanin abin da yake ganin ya fi shi sani.

"Ai haka kiɗan namu yake. In mai waƙa ya bar fili, mai busa sai ya yi ado a ciki. Fili ne kawai, babu komai a wurin."

"Babu komai."

Ta maimaita a hankali. Sai ta shigo, ta ja buhu ta zauna, ta ɗora muciyar a cinya. Murmushin Istifanus ya gudu daga fuskarsa.

"Ɗan nan, tun shekaranjiya nake jin ku ta tagar madafa. Na ce in haƙura, kwana uku ne. Yau na ji ana cewa faifai za ku buga, duniya ta ji. Shi ya sa na taso."

"Kun san waƙar ke nan."

"Na san ta."

Luka ya ajiye sandunansa a ƙasa, ba tare da ƙara ba.

"Shekara goma sha tara ke nan," in ji ta. "Muna haya a Tudun Wada, ni da maigidana. A masaƙar nan yake aiki, tun tana rumfa biyu. Kullum in rana ta take sai ya hau keke ya zo gida ya ci tuwo ya koma, ba ya cin abincin waje. Ranar wata Talata na tuƙa na dawa, na kaɗa kuɓewa. Sai na ji jiniya. Na duba inuwa, na ga lokaci bai yi ba."

Ta gyara muciyar a cinyarta.

"Kekensa aka fara kawo min. Shi sai da la'asar, a rufe. Inji ne ya kama shi."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Luka.

"Amin. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ni kaɗai a ɗaki. In na durƙusa a kan dutsen niƙa sai in ji bakina yana faɗin wasu maganganu. Ban san waƙa nake yi ba, wallahi. Kuka ne ya ƙi fitowa ta ido."

Istifanus ya sauke saksafon. Ya jingina da bango.

"Ku kuka yi ta, Inna?"

"Ni na yi ta."

"To shirun fa?"

Ta ɗago ta dube shi, kallon tausayi, ba na faɗa ba.

"Shekararka nawa a Kano?"

"Sha ɗaya."

"Ka taɓa jin matar kirki irin ta zamaninmu ta kama sunan mijinta?"

Ya girgiza kai.

"Shekara uku muna tare, sunansa bai taɓa hawa harshena ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, balle in ce baban wane. In na kai baitin nan, na leƙa zaure in kira ka, sai bakina ya buɗe zai kira shi. Da ransa ban faɗa ba, don ya mutu sai in faɗa? Sai in bar masa wurin. In yi shiru daidai tsawon sunansa, in ja numfashi, in wuce."

Ta dubi saksafon da ke hannunsa.

"Wurin da ka ce babu komai, mijina ne a ciki. Shi ka sa wa algaitar ƙarfe tana dariya."

Rashin sani ya fi dare duhu. Istifanus ya san wannan al'ada sarai, ya sha tsokanar abokan aikinsa a kanta. Amma sau ɗari ya saurari faifan nan yana ƙirga bugu da ƙafa, ko sau ɗaya bai tambayi kansa me matar take shirin faɗa ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tunda ya fara busa.

"Ku gafarce ni, Inna. Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba."

Luka, wanda ya kwana biyu yana neman a ba shi gaskiya, yau da ta zo bai yi murna da ita ba. A hankali ya yi tambayar.

"Yaya aka yi ta koma hannun Alhaji Labaran?"

"Lokacin ba Alhaji ba ne. Labaran ne mai ɗaki na kusa da namu, katanga ɗaya ta raba mu. Rumfarsu ɗaya da marigayi. Kafin in fita takaba ya bar aiki ya tashi daga gidan. Bayan shekara biyu ina gidan maƙwabta na ji ta a rediyo, aka ce waƙar Labaran."

"Ba ku ce komai ba?"

"In ce me? In fito in ce ni mai takaba na zauna ina waƙa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Amma sata ce, Inna!"

"Sata ce. Sai dai ya bar wurin yadda yake, bai taɓa shi ba. Na zauna na yi tunani. Duk wanda ya rera waƙar nan, dole ya tsaya wa mijina, ko ya san shi ko bai san shi ba. A dandamali an tsaya masa. A rediyo an tsaya masa. 'Yan mata a bakin famfo suna tsaya masa. Leburan da ko hotonsa babu, Kano gaba ɗaya tana yi masa shiru. Na ce wannan ya ishe ni, Labaran ya riƙe sunan."

Ta juyo wajen Istifanus.

"Ba na son a ambace ni. Ba na son komai. Juya ta yadda ka ga dama, ka yi sauri, ka yi rawa, ni ban san kan kiɗanku ba. Wurin nan kaɗai nake roƙo. Bar min shi."

Da a ce abu ne mai sauƙi, da tuni ya ce to. Amma Istifanus ya tuna ranar da Alhaji ya fara jin busar. Alhaji ya kama hannunsa biyu ya ce, "Ko me za ka canja ka canja, ban da wannan. In ka cire ta, babu ni babu faifai." A lokacin ya ɗauka yabo ne.

Ya faɗa musu haka.

Luka ya matso kusa da shi, ya rage murya.

"Shugaba, 'ya'yanka uku. Ka tuna takardar da ke allo."

"Na tuna."

"Ka busa gobe yadda yake so. In faifai ya fito, ka yi wani ka gyara."

"Faifai ba ya gyaruwa, Luka. Abin da aka buga an buga."

Inna Hajjo ta miƙe, ta kaɗe zanenta.

"In abincin 'ya'yanka ne a ciki, ba zan tsine maka ba. Na dai faɗa."

Ba ta kai ƙofa ba suka ji tsayuwar mota. Ta ja da baya ta tsaya a lungun buhuna, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Ƙamshin turare ne ya fara shigowa, sannan Alhaji Labaran, da babbar riga ruwan ƙasa da carbi a hannu. Mutum ne mai fara'a, mai son a gan shi. Daga hasken rana ya shigo, bai lura da kowa a lungu ba.

"Ina mutanena! Ina sauran?"

"Sai ƙarfe huɗu, Alhaji. Sannunku da zuwa."

"Ba komai, ku biyun ma kun isa. Ina sauri. Ku ɗan yi min ita in ji daɗi in tafi."

Luka ya dubi Istifanus. Istifanus ya dubi ƙasa, ya daɗe, sannan ya ɗaga saksafon.

Suka ɗauka. Baitin farko ya wuce, Alhaji yana kaɗa kai. Na biyu ya wuce, yana bin su da carbi a gwiwa. Na uku ya zo ƙarshe.

Istifanus ya cire bakin saksafon daga leɓensa.

Luka ya ɗaga sanduna sama.

Ɗaya.

Biyu.

Daga nesa ana jin injinan saƙa suna ta bugawa.

Uku.

"Cika!" Alhaji ya daka tsawa. "Cika wurin nan!"

Huɗu.

Istifanus ya mai da saksafon baki, ya busa baitin ƙarshe a hankali, ya sauke.

Alhaji ya miƙe tsaye, gumi ya karyo masa a goshi.

"Me ke nan? Mantuwa ka yi?"

"Ban manta ba, Alhaji."

"To me na ce maka?"

"Kun ce in na cire ta babu faifai."

"Kuma ka cire."

"Na cire."

"Kai yaro, ka san abin da kake yi? Waya ɗaya zan buga, gobe ko get ɗin rediyo ba za a bar ka ka shiga ba."

Istifanus ya ɗago ya dube shi.

"Na sani. Sai dai wurin ba nawa ba ne, Alhaji. Kuma da izininku, ba naku ba ne."

"Wa ya gaya maka wannan maganar banza?"

"Ni ce, Labaran."

Ta fito daga lungu, ta sauke gyalen.

Carbin ya zame daga hannun Alhaji. Shekara goma sha tara yana zagaye duk hanyar da za ta haɗa shi da matar nan, bai san tana nan tana tuƙa tuwo a masaƙar da ya guje wa ba.

"Hajjo."

"Ka ɗauki waƙa ban yi magana ba. Ka ɗauki suna ban yi magana ba. Ka je Makka da ita ban yi magana ba. Me ya yi maka da za ka sa a binne ɗan wurin da ya rage masa?"

Alhaji ya koma kan buhu ya zauna daɓas, babbar rigar ta baje a cikin garin masara bai kula ba.

"Ba don in binne shi ba ne."

"Don me?"

"Ba na iya jin sa, Hajjo." Muryarsa ta koma ta wani mutum daban, ƙarama. "Sau nawa na so in cike wurin nan da kaina, hannuna ya ƙi. Duk inda aka rera, mutane suna jin shiru, ni ba shiru nake ji ba. A dandamali, a biki, a mota. Kowa ya yi tsit, ni kuwa sai in ji an kira shi a kunnena. Ranar da yaron nan ya busa a kai, ranar na fara jin waƙar ta wuce ban ji an kira ba."

"An kira wa?"

Ya ɗago, hawaye yana bin gemunsa.

"Alhassan."

Inna Hajjo ta dafe bango. Rabon da wani ya faɗi sunan nan a gabanta tun ranar sadakar arba'in.

"Abokinka ne," ta ce da ƙyar. "Na san ka ji mutuwarsa. Amma ni matarsa na iya ɗauka, kai me ya hana ka?"

"Me suka ce miki ranar?"

"Suka ce wuta ta ɗauke, ya shiga ƙarƙashi yana warware zare. Wuta ta dawo, inji ya tashi da kansa."

Istifanus ya ɗago kai da sauri. Shekara goma sha ɗaya yana kwance a gindin injinan nan, ya san su kamar yunwar cikinsa. Maganar ta kuɓuce masa kafin ya tare ta.

"Inna, waɗannan ba sa tashi da kansu. In wuta ta dawo, sai wani ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya ga inda idonta ya koma.

Alhaji Labaran ya zare hularsa, ya ajiye ta a ƙasa a gaban ƙafafunta.

"Ban leƙa ƙarƙashi ba, Hajjo. Ni na ɗaga makunnin."